Mece ce Akkermansia, ƙwayar da ake cewa tana rage ƙiba?

Kwanan nan sunan Akkermansia, wata bakteriya da ke zaune a hanjin mutum, ya cika TikTok da Facebook. Masu tallar kafso suna kiran ta "ƙwayar rage ƙiba", masu shirye-shiryen lafiya kuma su ce "bakteriya mai kyau" su wuce, kamar an gama magana. Wannan "mai kyau" ɗin ne ke ba ni haushi, domin duk mai faɗar sa bai tsaya ya tambayi abin da ƙwayar take ci ba. Amsar kuwa tana cikin sunanta.

Cikakken sunan shi ne Akkermansia muciniphila. Wata mai bincike, Muriel Derrien, ita ta ware ta daga bayan gidan wani lafiyayyen mutum a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, aka wallafa aikin a 2004. Rabin farko na sunan girmamawa ce ga Antoon Akkermans, masanin ƙananan halittu na wannan jami'a. Rabi na biyu kuma, muciniphila, ma'anarsa "mai son majina". Ba zolaya ba ce. Da majina aka yi mata tarko: an zuba samfurin a cikin ruwan reno da babu wani abinci a ciki sai majinar da aka tace daga tumbin alade, wadda ta iya rayuwa a kai ita ta yaɗu. Ga wanda hankalinsa ya tashi, daga baya an samo hanyar renon ta ba tare da majinar dabba ba.

Majinar hanji ba ƙazanta ba ce, kariya ce. A 2008 masu bincike a Gothenburg ta Suwidin suka nuna cewa a babban hanji hawa biyu ce: ta ciki mai kauri da ke manne da bangon hanji, wadda bakteriya ba sa ratsawa, da ta waje mai sako-sako, inda suke zaune. Kusan kashi 80 cikin 100 na ginshiƙin wannan majina sarƙoƙin sukari ne, kuma su Akkermansia take tsinkewa ta ci. A lafiyayyen baligi takan kai kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na bakteriyan hanji. In ta ci sai ta fitar da asid masu amfani, wasu bakteriyan su ci ragowar su samar da abin da bangon hanji ke ci, hanjin kuma ya riƙa sabunta majinarsa. Kamar kiwo ne a makiyaya: in dabba na ci daidai, ciyawa na sake tohowa.

Maganar ƙiba daga Beljiyam ta taso. A 2013 tawagar Patrice Cani ta Jami'ar Louvain ta ba ɓeraye masu cin maiƙo wannan ƙwaya, kitsensu ya ragu, majinar hanjinsu ta yi kauri. A 2017 suka gano abin mamaki, wai wadda aka kashe da zafin digiri 70 ta fi mai rai aiki. To ina masu ihun "sai mai rai"? Gwajin farko a kan mutane ya fito a 2019, mutum 32 suka kammala shi cikin wata uku. Jikin waɗanda aka ba matacciyar ya fi amsa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, kolestarol ya ɗan sauka, amma raguwar nauyin, kilo biyu da ɗoriya, ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Abin da hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2021 shi ne matacciyar ba ta da illa a ci. Ba ta ce tana rage tumbi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gwajin da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2016, wanda ba za ka ji shi a bakin mai talla ba. An ɗauki ɓerayen da babu ko ƙwaya ɗaya a hanjinsu, aka sa musu nau'in bakteriyan hanjin mutum 14, sannan aka hana wasu abinci mai harza, wato faiba, irin wanda ke cikin ganye da wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba. Masu cin harza suka ragu, masu cin majina suka yi yawa, Akkermansia na sahun gaba. Majinar ta siranta. Da aka sako wata ƙwayar cuta, sai ta isa bangon hanji cikin sauƙi, ɓerayen suka kamu da mummunan kumburin hanji. Ƙwayar da ake wa kirari ce dai, abincin kawai aka canza. Wanda ya haɗiyi kafso ya ƙi cin ganye, a ganina, bai san abin da ya saya ba. An kuma sha samun ta da yawa a hanjin masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, amma wannan bai isa a ɗora mata laifi ba, kamar yadda ƙarancinta a jikin masu ƙiba bai isa a mai da ita magani ba.

Kuma ba ita kaɗai ke wannan sana'a ba. Bifidobacterium bifidum, da ke hanjin jarirai masu shan nono, tana cin majina. Ruminococcus gnavus ma haka, ita kuma an fi ganin ta a masu cutar Crohn, wata cutar kumburin hanji. Bacteroides thetaiotaomicron harza take ci, sai ta rasa ta koma kan majina. Dabbobi masu shayarwa da dama suna ɗauke da Akkermansia, kuma a kuregen Arewacin Amurka da ke barci duk tsawon hunturu kasonta ƙaruwa yake yi, tunda watanni ke wucewa babu abin da ke shigowa hanjin sai majinar da shi da kansa yake fitarwa.