Kana son kai tsohuwar motarka filin tsere? Karanta wannan kafin ka sake tambayata

Tun da samari suka ga motar BMW samfurin E36 da nake haɗawa a gareji, kullum tambayoyinsu iri ɗaya ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara amsoshin wuri guda.

Turbo zan fara sakawa ko salansa?

Babu ko ɗaya. Injin shi ne na ƙarshe. Motar da ba ta iya tsayawa ba a ƙara mata gudu.

To da me zan fara?

Da man birki. Buɗe murfin ka leƙa: in ka gan shi baƙi kamar ruwan bunu, ka san inda za ka fara. Man birki yana zuƙar danshi daga iska a hankali. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 155. A filin tsere kana taka birki da ƙarfi a kowace kwanar hanya, ƙarfe ya yi zafi, man ya tafasa ya yi kumfa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Zubar da tsohon gaba ɗaya, ka sauya robobin da ke kai man zuwa taya, ka sa takalman birki masu jure zafi.

DOT 5 bai fi DOT 4 ba, tunda lambarsa ta fi?

A'a. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran. DOT 5.1 shi ne ɗan gidansu DOT 4. Karanta jikin gwangwanin da kyau.

Tayoyina ba su suɗe ba, sai na sauya?

Duba gefen tayar, akwai lambobi huɗu. In ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2016. Robar ta bushe, zane kawai ya rage mata. Kada ka kawo min tayar gwanjo.

Motata ta tsufa da yawa ko?

Kwantar da hankalinka, ƙanena. An ƙera E36 tsakanin 1990 da 2000, kuma har gobe ana tsere da ita a Turai da Amurka. Ko Peugeot 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Abin tsoro tsatsa ne. Ɗaga motar, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba, ka caccaki ƙasan bodin da wuraren da ƙafafun baya suke ɗaure. In sukudireba ta shige, nemi wata motar.

In sa kejin ƙarfe, wato bututun da ke kare direba in mota ta kife, alhali da motar nake zuwa aiki?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, domin ya danganta. Keji, kujerar tsere, bel mai igiya shida da hular kwano abu ɗaya ne, tare suke aiki. In ka ɗauki ɗaya ka bar sauran, wani lokacin ka fi shiga haɗari a kan wanda bai taɓa komai ba. Keji babu hular kwano yana nufin ƙarfe ne kusa da kanka, ƙaramin karo a cikin gari ya isa ya fasa maka kai. Bel mai igiya shida babu keji kuma yana riƙe ka a miƙe ƙyam, in mota ta kife rufin ya danno, ba ka da wurin kaucewa.

Saboda haka, in ranar gwaji kawai za ka je, ba gasa ba, kuma masu filin sun yarda, ni ina ganin gara ka bar kujera da bel ɗin kamfani, ka sa hular kwano. Akwai masu sa rabin keji a bayan kujera su cire kujerun baya. Ban ce haramun ba ne, amma sai an auna tazarar kanka da ƙarfen, an naɗe shi da soso mai tauri na musamman, kuma babu wanda zai ƙara zama a baya. In gasa ce sosai, to ka haƙura, motar ta daina zuwa aiki.

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, karɓi dokokin masu gasar. A ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, babban bakan kejin bututu ne marar ɗinki, mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Wani yaro ya taɓa kawo min mota da kejin bututun ruwa, mai waldar ƙofofi ya liƙa shi kai tsaye a kan falle ɗaya na bodi, babu farantin ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunsa. Da ta kife, ƙafafun huda ƙasan motar za su yi kawai. Da hannuna na yanke shi, ransa bai so ba. Sannan igiyoyin kafaɗa a bayan kafaɗarka ake ɗaure su, kusan a miƙe. In ka ja su ƙasa ka ɗaure a daɓen mota, ranar karo ƙashin bayanka za su danne. Kuma duba takardar jikin bel ɗin, shekara biyar FIA take ba shi.

Hular babur ta isa?

Ga gasa, a'a. Nemi ta tseren mota mai tambarin inganci na Snell SA ko na FIA, cikinta ba ya saurin kama wuta. In ka sa bel mai igiya shida, haɗa da abin riƙe wuya da ake kira HANS. Karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe direban tsere Dale Earnhardt a filin Daytona na Amurka a 2001, kuma ba ya sanye da HANS.

Zan iya gwada ta a titi da daddare?

Kada ka ƙara yi min wannan tambayar. Mai Keke Napep da yaron da ke tsallaka titi ba su yi rajistar tsere da kai ba. Duk wanda na ji yana wasan mota a ɗaurin aure ko bikin kammala makaranta, ba na taɓa motarsa.

Yanzu in taɓa injin?

Taɓa shi don ya jure tukuna. A E36, wuyan lagireto da tankin ruwa na roba ne, haka fiffiken famfon ruwa a wasunsu, kuma zafinmu na Afrilu ba ya raga musu. Sauya su duka har da robobin ruwa. A masu silinda shida, notin famfon baƙin mai yakan kwance, a ɗaure shi da waya. A doguwar kwana baƙin mai yana tafiya gefe guda famfo ya zuƙi iska, don haka a sa shinge a cikin kwanon man. Ɗaure batir da ƙarfe, ka kafa tukunyar kashe gobara inda hannunka zai kai kana cikin bel. In ka je fili sau uku allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, dawo mu yi maganar turbo.