Jan Ruwan Dilimi Ƙasar Gonakinmu Ce

'Yan uwa manoma da masu lambu na Jos da kewaye, duk wanda ya leƙa rafin Dilimi bayan ruwan farko ya ga yadda yake yin jawur. Wannan jan da kuke gani ƙasar saman gonakinmu ce, wadda muka zuba wa taki da kuɗinmu, ruwa ke tafiya da ita.

Zaizayar ƙasa ta daɗe a Filato. Muna zaune a kan tudu, ga gangara ko'ina, ga tsibin ƙasa da ramukan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Abin da ya sauya shi ne yadda ruwan ke sauka, saboda zafi na ƙaruwa. Masana sun nuna cewa duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, danshin da take iya ɗauka yakan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa sai a yi kwanaki ba ɗigo, ƙasa ta bushe ƙamas, sannan a tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ƙasar da aka ƙone ciyawarta da rani, dabbobi suka tattake, ba ta iya shanye irin wannan ruwa. Sai ya bi gangara, ya fara da 'yar hanya, shekara biyu uku ta zama kwazazzabo.

Ƙasar nan kuwa ba ɓacewa take yi ba. Tana kwanciya a magudanai da cikin rafi da madatsun ruwa, ta cinye wurin da ruwa zai zauna. Ba mu manta da watan Yulin 2012 ba, lokacin da madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare, aka rasa rayuka sama da 30. Allah Ya jiƙansu. Kuma daga tudun nan kogin Kaduna da na Gongola suka taso, don haka lakarmu har mutanen nesa take shafa.

Abin da ya fi damuna shi ne gonar da ruwan Afrilu ke samu tsirara. Don Allah a daina cinna wa karmami da kara wuta. A shimfiɗa su su rufe ƙasa. In za a yi huɗa, kunya ta gitta gangara, kada ta bi ta, musamman ku masu dankalin Turawa na Bokkos da Mangu. A jera duwatsu a gicciye, dutse dai ba mu rasa shi ba a nan, a dasa jema ko gamba a bayansu. Masu lambu a bar wa bakin rafi ciyawarsa ko da taku kaɗan ne, masu ɗibar yashi kuma su nisanci gaɓa.

Wanda ya ga rami ya fara buɗewa a gonarsa, ya toshe shi da duwatsu da buhunan ƙasa tun bai wuce gwiwa ba, ya kuma sanar da malamin gona na yankinsa kafin ruwan Agusta.