Waiwaye: tun yaushe ake gardamar "ai kowa ya san wannan"?

Kwanakin nan gardama ta ƙi ƙarewa tsakanin samarinmu masu gyaran kwamfuta a Circle, cikin birnin Accra. Wani yaro ɗan unguwar Nima ya haɗa tsofaffin batiran laftop da ɗan allon lantarki, na'urar intanet ɗinsa ba ta mutuwa ko an ɗauke wuta. Wasu na cewa ya nemi takardar mallakar ƙirƙira, wasu na cewa, "Haba ɗan'uwa, ai kowa ya san wannan." Dokar mallakar ƙirƙira ta Ghana ta 2003 ma abin da take tambaya ke nan: mai matsakaicin sani a sana'ar zai hango abin da kansa?

Tambayar ta tsufa. A 1851 kotun ƙolin Amurka ta ƙi amincewa da takardar wani mariƙin ƙofa na yumɓu. A 1952 sharaɗin cewa kada abu ya zama wanda mai sana'ar zai hango da kansa ya shiga dokarsu, a 1966 shari'ar Graham ta shimfiɗa matakan awo.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1976, shari'ar Dann da Johnston. Johnston ya tsara na'urar da za ta ba banki damar rarraba cekin mai ajiya gida-gida: mai ajiyar ya sa lamba a jikin cekin, wannan na haya, wancan na abinci. Masu rajista suka ƙi, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, kotun ƙoli ta juya hukuncin. Ana jira a ji ko manhaja ta cancanci takarda, sai ta bar wannan gefe. Ta duba yadda bankuna suka riga suka saba aiki da kwamfuta, ta ce bambanci da abin da ake da shi kaɗai ba ya mai da abu ƙirƙira. A ganina nan bakin zaren yake: an yi awo da abin da masu aiki ke yi kullum.

Daga baya awo ya karkata ga rubutu, sai an nuna inda aka ba da shawarar haɗa wannan da wancan kafin a ce abu sananne ne. Sassan kwamfuta kuwa yawancinsu haɗe-haɗen tsofaffin abubuwa ne, kuma mai gyara ba ya rubuta abin da hannunsa ya sani. Sai a 2007, a shari'ar KSR kan totur mai na'urar lantarki, aka ce hankalin yau da kullum ma hujja ne.

Sai dai wanda ya tarar da allon a buɗe kan benci, komai zai yi masa kama da sauƙi. Ni na ga alluna ukun da yaron ya ƙona kafin na huɗu ya tashi.