Iskar radon da sankarar huhu a ramukan haƙar ma'adinai

Radon iska ce da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana samuwa ne daga rugujewar radiyom-226, wanda shi kuma tushensa yuraniyom-238 ne da ke cikin duwatsu da ƙasa. Nau'in da ya fi damun mahaƙa shi ne radon-222, wanda rabinsa ke rugujewa cikin kwana 3.8. A fili iska tana kwashe ta nan da nan. A cikin rami kuwa tana tsattsafowa daga tsagar dutse, daga tulin ma'adinin da aka fasa, da ruwan da ke ɗiga daga bango, sai ta taru.

Tun ƙarni na 16 aka lura cewa mahaƙan azurfa na Schneeberg a Jamus da na Jáchymov a ƙasar Cek ta yau suna mutuwa da ƙuruciya da ciwon ƙirji, har ake kiransa "ciwon dutse". A 1879 likitoci biyu, Härting da Hesse, suka nuna cewa ciwon daji ne na huhu, tun kafin a gano radon ɗin kanta a wajajen 1900. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa radon cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam a 1988.

Ita iskar kanta ba ta cika yin ɓarna ba, domin yawancin wadda aka shaƙa tana fita da numfashi. Ɓarnar tana wurin 'ya'yanta, wato sinadaran da take komawa idan ta ruguje: poloniyom-218, dalma-214, bismut-214 da poloniyom-214. Waɗannan ƙananan ƙwayoyi ne masu manne wa ƙura da tururin ruwa, su sauka a bangon hanyoyin numfashi, su ruguje a can kafin majina ta fitar da su. Poloniyom biyun suna harba wani nau'in radiyeshan da ake kira burbushin alfa, wanda ko takarda ba ya iya hudawa, amma a cikin huhu yana dukan ƙwayoyin halittar da ke kusa da shi kai tsaye. Wani masanin kimiyya a Amurka, William Bale, shi ne ya fayyace wannan a 1951, kuma daga nan aka koma auna 'ya'yan maimakon uwar.

Ma'aunin da aka saba da shi wajen lissafin abin da mahaƙi ya shaƙa ana kiransa WLM: aikin awa 170, wato kimanin wata guda, a cikin iskar da 'ya'yan radon ɗinta suka kai mataki ɗaya, daidai da abin da bekerel 3,700 na radon (bekerel ɗaya shi ne rugujewa ɗaya a kowace daƙiƙa) a kowace kubik mita ke haifarwa idan 'ya'yan sun cika, wato sun kai iyakar yawan da za su iya kaiwa. Amurka ta kafa iyakar WLM 4 a shekara a 1971. Hanyar awo ta Kusnetz mai sauƙi ce: famfo ya ja iska ta cikin matata na minti 5, a jira minti 40 zuwa 90, sannan a ƙirga alfa da ke fita daga matatar.

Rahoton wani kwamitin masana na Amurka mai suna BEIR VI na 1999 ya haɗa bincike 11 kan mahaƙa kimanin 68,000, waɗanda wajen 2,700 daga cikinsu sankarar huhu ta kashe. Ba masu yuraniyom kaɗai ba ne. Akwai mahaƙan kuza na Yunnan a Sin, na ƙarfe a Malmberget ta Suwidin, da na ma'adinin fuluwosfa a Newfoundland ta Kanada. Haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon abin da mutum ya tara, ciwon ba ya bayyana sai bayan aƙalla shekara 5, kuma shaƙar kaɗan-kaɗan na shekaru masu yawa ta fi illa kan shaƙar wannan adadin cikin ɗan lokaci. Taba sigari tana ƙara tsananta lamarin fiye da a haɗa illolin biyu kawai, sai dai mahaƙa 'yan ƙabilar Navajo na Amurka, da yawancinsu ba sa shan taba, su ma sun kamu da yawa.

Kariya ta dogara ne kan daɗewar iska a rami. Sabuwar iska ko da ta ɗauki radon, 'ya'yan ba su yi yawa ba tukuna. Cikin kamar awa 3 sukan kusan cika. Saboda haka ake tura iska da manyan fankoki ta isa bakin aiki ta gajeriyar hanya, ba tare da ta ratsa tsofaffin lunguna ba. Lungunan da aka gama da su ana toshe su da bango, ruwan rami kuma a bi da shi cikin bututu. Matsala takan taso idan fanka ta tsaya dare guda, ko bututun iska ya yage, ko matsin iskar waje ya faɗi ya tsotso radon daga tsagogi. A shekarun farko na mahaƙan kamfanin yuraniyom na Wismut a gabashin Jamus, bayan 1946, ana huda dutse a bushe ba isasshiyar iska, kuma ma'aikatan wancan lokacin ne suka fi shaƙa. A Nijar, ramin yuraniyom na Akouta kusa da Arlit ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, kuma tun da ciwon yana jinkiri, duba lafiyar tsofaffin ma'aikatan irin wannan rami yana ci gaba da zama dole shekaru bayan an rufe shi.