Dokar dumama gidaje ta Denmak: ta yaya zafin tashar lantarki ya zama abin sayarwa?

Galibi tashar da ke ƙona kwal, gas ko itace don samar da wutar lantarki tana zubar da fiye da rabin ƙarfin makamashin da ta ci. Ana tafasa ruwa, tururi ya juya injin, injin ya ba da wuta, sauran zafin kuma a sake shi cikin iska ko a tura shi kogi ko teku. A tsohuwar tasha, abin da ke zama lantarki bai cika wuce kashi 40 cikin ɗari ba. Idan kuwa aka kama wannan zafi aka dumama ruwa da shi, aka bi da ruwan ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje, amfanin da ake samu daga makamashin yana iya kaiwa kashi 80 zuwa 90.

Injiniyoyi sun san wannan tun tuni. A Frederiksberg, da ke tsakiyar Kofenhagen, babban birnin Denmak, tun 1903 aka fara dumama gine-gine da zafin wurin ƙona shara. Abin da ya rage shi ne doka, kuma rikicin man fetur na 1973 ne ya kawo ta. A lokacin fiye da kashi 90 na makamashin Denmak man fetur ne da ake shigowa da shi daga waje, ga ƙasa mai tsananin sanyi. Abin ya kai har an hana tuƙa mota ranar Lahadi. A 1979 majalisar ƙasar ta zartar da Dokar Samar da Zafi, wadda har yau ita ke aiki bayan gyare-gyare da dama.

Abu na farko da dokar ta yi shi ne ɗora wa ƙananan hukumomi aikin ƙidaya. Kowace ta san gine-ginen da ke yankinta, yawan zafin da suke buƙata, da inda ake samun zafin da ke tafiya a banza. Daga nan aka raba garuruwa: wannan unguwa bututun ruwan zafi za ta samu, waccan bututun gas, ƙauyen da gidajensa ke warwatse kowa ya ji da kansa. Hikimar rabon a fili take. Shimfiɗa bututu a ƙarƙashin titi yana cin kuɗi sosai, kuma idan aka jera bututu iri biyu a layi ɗaya suna rububin gidaje guda, dukansu asara za su yi.

Dokar ta kuma faɗa ƙarara cewa a fifita samar da zafi da lantarki a tare gwargwadon iko. Kafin a gina sabuwar tasha ko a faɗaɗa bututu, sai majalisar ƙaramar hukuma ta amince, kuma ma'auninta shi ne wane tsari ne ya fi wa al'umma gaba ɗaya araha, ba wanda ya fi wa kamfani riba ba.

Zuciyar dokar, a ganina, tana wurin farashi. Wanda aka haɗa gidansa da bututun gari ba shi da wani mai sayarwa na biyu. Ba zai yi fushi ya koma shagon gaba ba. To me zai hana kamfani ya shaƙe shi? Dokar ta ce kamfanin zafi ba zai karɓi fiye da ainihin kuɗin da ya zama dole ya kashe ba: makamashi, albashi, gyara, biyan bashin da aka ci don gina bututu. Idan a ƙarshen shekara aka ga an karɓi fiye da haka, rarar ta masu gidaje ce, ana mayar musu ta hanyar rage farashi a gaba. Akwai hukumar gwamnati da ke sa ido kan lissafin. Wannan ne ya sa yawancin kamfanonin na ƙananan hukumomi ne ko na ƙungiyoyin masu amfani da zafin su kansu. Ɗan kasuwa mai neman riba ba ya ganin abin da zai ci a nan.

An kuma ba ƙananan hukumomi ikon tilasta wa gidaje shiga tsarin, sannan a 1988 aka hana sanya na'urar dumama ta lantarki a sababbin gine-gine da ke yankunan bututu. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen Denmak da bututu ake dumama su, a Kofenhagen kuwa kusan kowane gida ne.

Sai dai tilasci yana da nasa ciwon. A shekarun 1990 an gina ƙananan tashoshi masu amfani da gas a wasu ƙauyuka. Gidaje kaɗan ne, bututu dogo, farashin gas ya tashi, mutane suka wayi gari suna biyan kuɗi mai yawa kuma babu ƙofar fita. Dokar hana riba ba ta cece su ba, domin kuɗin da ake karɓa da gaske an kashe shi. Nan ne raunin tsarin yake: kamfanin da ya san duk abin da ya kashe za a biya shi, ba lallai ya matsa wa kansa wajen tsimi ba. Daga 1 ga Janairun 2019 an janye wa ƙananan hukumomi ikon ɗora sabon tilasci.

Batun sanyaya gari shi ne mutanen ƙasashen zafi za su fi sha'awa. Wanda ya taɓa ganin firij mai kananzir a asibitin karkara, inda ake adana allurar rigakafi, ya ga yadda wuta ke haifar da sanyi. Manyan na'urorin da ke mayar da tururin tasha ruwan sanyi da irin wannan dabara suke aiki. A 2010 kamfanin ruwa da zafi na Kofenhagen, wanda yanzu ake kira HOFOR, ya buɗe cibiyar sanyaya a tsakiyar birnin, a lokacin tana haɗa ruwan teku mai sanyi, da zafin bututu, da injinan lantarki, tana tura ruwan sanyi zuwa otal-otal, manyan kantuna da ofisoshi. Amma sanyaya na ƙarƙashin wata doka ta daban: kasuwanci ne tsantsa, da asusunsa daban, don kada kuɗin dumama gidan talaka ya biya sanyin otal.

Tarayyar Turai ta ɗauki wani ɓangare na wannan tunani a dokarta ta tsimin makamashi ta 2023. Kowace ƙaramar hukuma mai mutane fiye da 45,000 sai ta tsara shirin dumama da sanyaya. Mai gina tashar lantarki da ke cin makamashi sama da megawat 10, ko mai yi mata babban gyara, sai ya yi lissafin riba da asarar kama zafinta. Cibiyoyin adana bayanan intanet da suka wuce megawat 1 su ma dole ne su yi amfani da zafin da suke fitarwa, sai dai idan sun nuna abin ba zai yiwu ba ta fuskar fasaha ko kuɗi. A Odense, birni na uku mafi girma a Denmak, zafin kwamfutocin cibiyar kamfanin Meta, mai Facebook, tuni yake dumama dubban gidaje.