Tattalin Gida a Legas: Inda Ake Ragewa da Inda Bai Kamata a Rage Ba

A shekarun da na yi ina aikin lafiya a matakin farko, ina shiga gidajen 'yan'uwanmu Hausawa a Agege da Idi-Araba da kewayen kasuwar Mile 12, babu maganar da ta fi fitowa daga bakin iyaye mata kamar ta kuɗin cefane. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kaya daga Arewa ya tashi, kuma a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Abin da maigida yake ajiyewa da safe bai ƙaru daidai da haka ba, saboda haka uwargida ce ake bari da lissafi. Ina ganin ƙoƙarin da mata suke yi, kuma ina jinjina musu. Sai dai wasu daga cikin dabarun da ake bi, abin da suka ceto yau shi ake kai wa mai kemis gobe har da ƙari, kuma a kan waɗannan nake so mu tsaya.

Duk wanda ya san Mile 12 ya san cewa idan aka sauke kwandunan tumatir da tattasai da attaruhu da suka kwana a hanya daga Kano ko Kaduna ko Jos, akan ware waɗanda suka fashe a sayar da su da araha, su ne Yarbawa suke kira esha. Akwai bambanci tsakanin tumatirin da nauyin na samansa ya murƙushe shi a ranar, da wanda ya fara wari, fumfuna ta fito masa, ƙudaje suna binsa. Na farko ana iya wanke shi da ruwa mai tsabta a dafa shi nan take, na biyu kuwa bola ce wurinsa. Sau da yawa ana ce mini ai wuta tana kashe komai. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma gubar da wasu nau'o'in fumfuna suke saki ba ta jin wuta, kuma mafi muninta, wadda masana suke kira afulatoksin, an fi samunta a gyaɗa da masara da busasshen barkono da suka sha danshi. Tana cin hanta sannu a hankali, tana daga cikin sanadin ciwon dajin hanta, kuma ana alaƙanta ta da tsumburewar yara. A garin da iskarsa take ɗauke da raɓa kusan duk shekara, wannan magana ta shafi kowane gida da yake ajiye gyaɗa ko garin masara a buɗe. Idan tumatir ya yi tsada a farkon damina, muna da kauɗa da ake kawowa daga gida, muna da kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi, kuma babu ɗaya daga cikin miyoyin nan da take neman jan tumatir.

A nan ina da magana da magidanta. Bayar da kuɗin cefane kullum safiya yana tilasta wa mace ta sayi komai a ƙulle-ƙulle, wato a farashi mafi tsada, domin mai sayen gwangwani ɗaya na shinkafa ya fi mai sayen robar fenti biyan kuɗi idan aka yi lissafi a ƙarshen wata. Wanda yake da hali ya bayar da na mako guda a dunƙule. Maƙwabta huɗu ko biyar kuma suna iya haɗa kuɗi kamar yadda ake adashi, su sayi buhu ko kwando su raba. Akwai kuma maza da suke aikin gadi da dare su wuni a gida tare da yara yayin da matansu suka fita sana'a, kuma duk abin da zai biyo baya da su nake.

Wanda ya sayi wake da yawa sai ya yi tunanin ajiyarsa. Har yanzu ana samun masu yayyafa wa wake fiya-fiya ko makamancinsa don ƙwari, alhali guba ce da ba a yi ta don abinci ba, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani a kasuwanni. Idan wake yana warin magani, kada a saye shi komai kyan idonsa. Hanyar ajiya mai aminci ba ta cin ko kwabo: a sami jarka busasshiya wadda ba a taɓa zuba mata fetur ko sinadari ba, a cika ta da busasshen wake har baki, a ɗaure murfin sosai, ƙwarin da suke ciki za su mutu saboda rashin iska.

Babbar matsalar da na fi cin karo da ita ita ce ɗumame. Al'adarmu ce, kuma a lokacin hunturu a Arewa tuwo yakan kwana lafiya, amma zafi da danshin Legas daban ne, wutar lantarki kuma ba abar dogaro ba ce. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a cikin firij ba. Shinkafa ta fi kowane abinci yaudara, domin akwai ƙwayar cutar da take tsallake dahuwa, idan shinkafar ta daɗe a ajiye ta hayayyafa ta saki gubar da maimaita ɗumamawa ba ya lalata ta, kuma ba lallai ne a ji wari ko tsami ba. Na sha zuwa gidan da yara uku suka kwana suna amai, uwa tana rantsuwa cewa ta ɗumama abincin, kuma gaskiya take faɗa. Maganin abin shi ne a dafa daidai bakin da za su ci, a san gwangwani nawa ne yake isar gidan, a daina auna abinci da ido. Miyar da za ta kwana a tafasa ta da dare, a rufe, kada a ƙara sa mata cokali ko hannu, da safe kuma a sake tafasa ta har ta yi ɓal-ɓal, ɗumi-ɗumi bai isa ba. Kunun jariri da abincin yaron da ake yayewa ba sa cikin wannan rangwame, a dama musu sabo kowane lokaci ko da ɗan kaɗan ne. Masu firij su sani cewa idan aka ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi na kimanin sa'o'i 4 ne kawai, kuma naman da ya narke ya yi ɗumi ba a mayar da shi ya sake daskarewa.

Waɗanda suka shaida ɓarkewar kwalara a Legas a watan Yuni na 2024 sun san saurin da gudawa take kayar da mutum. Idan ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun kafin a fita zuwa asibiti: fakitin ORS guda a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, idan babu kuma, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. Ana haɗawa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa, kuma idan yaro ya ƙi sha, ko idonsa ya faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a wuce cibiyar lafiya kai tsaye.

Game da abin da ake sakawa a tukunya, ina da ra'ayin da wasu ba sa so. Ganda tana cika baki amma abin da take ba jikin yaro kaɗan ne, kuma kuɗin da ake kashewa a kanta zai fi amfani idan aka sayi ƙwai, ko busasshen kifi, ko waken suya a yi awara a gida. Ganyen zogale da alayyafo da rama da lalo, wanda maƙwabtanmu suke kira ewedu, suna da araha kuma suna taimaka wa jini, muddin ba a dafa su har sun mutu ba. Manja yana ɗauke da abin da jiki yake mayarwa bitamin A, amma idan aka soya shi har ya yi fari yana hayaƙi an ƙone amfanin. Man suya da ya yi baƙi yana kumfa ya gama aikinsa. Dunƙulen ɗanɗano kuma yawancinsa gishiri ne, kuma abin da aka shawarci babba ya ci bai kai giram 5 a rana ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, don haka rage shi a ƙara daddawa da albasa da citta sauƙi ne ga aljihu da kuma mai hawan jini. Jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi kuwa ganganci ne da yake taɓa hanta da ƙoda.

Inda ake iya ragewa sosai ba tare da cutarwa ba shi ne makamashi. Waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri ba tare da an cika masa kanwa ba, tukunya a rufe ta fi ta buɗe saurin tafasa, kuma da zarar ta tafasa sai a rage wutar domin ƙarin harshen wuta ba ya ƙara saurin nuna. Akwai kuma dabarar da nake koya wa mata: idan shinkafa ta tafasa na 'yan mintoci, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsofaffin zannuwa ko bargo a cikin kwando, zafin da ke ciki zai ƙarasa dafa ta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne shigar da kurfoti na gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa saboda ruwan sama, ko ajiye janareta a baranda kusa da taga, domin hayaƙinsu yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe iyali guda suna barci. Masu gas su riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da tiyo, idan kumfa ta taso akwai yoyo. Kalanzir kuma kada a zuba shi a robar lemo, idan kuwa yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara ko a sa shi amai, domin aman ne yake tura shi cikin huhu. A kai shi asibiti, ko a kira lambar gaggawa ta 112 ko 767.

Wanki a Legas lissafin ruwa ne kafin ya zama na sabulu, tunda gidaje da yawa jarka-jarka suke saye daga masu turin kura. Jiƙa kaya na rabin sa'a yana rage sabulu da wahalar cuɗa, kuma zuba omo da yawa ba ya ƙara haske, ɗauraya kawai yake ƙarawa, abin da ya maƙale a zare kuma shi ne yake sa jarirai ƙaiƙayi. A fara da fararen kaya, a bi da masu launi a ruwa guda, a ƙare da masu datti sosai, sannan ruwan ɗauraya ya tafi gogen ɗaki ko ban-ɗaki. Kayan da kashin yaro ko amai ya ɓata ba sa shiga wannan jeri: a kawar da ƙazantar a masai, a wanke su daban, a zuba ruwan a masai ba a kwata ba inda yaran gidan haya suke wasa, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a koma kan girki. Ruwan bilic, wanda aka fi sani da haifo, da ruwa kawai ake sirka shi. Haɗa shi da ruwan wanke masai yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma a ƙaramin ban-ɗaki marar taga abin yana iya kai mutum ƙasa.

Shanya ita ce ciwon kan damina, musamman a Yuni da Yuli. Kayan da aka ninke da sauran danshi suna yin fumfuna da wari, suna tayar wa mai asma da ciwonsa, suna taimaka wa cututtukan fata. A matse su sosai, a ba su tazara a kan igiya inda iska take ratsawa, kuma kada a shimfiɗa su a ƙasa ko a kan ciyawa. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a jikin kaya masu danshi, musamman waɗanda suke da sauran warin fitsari, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shiga fatar yaro ta zama kamar maruru mai ƙaramin baki. Guga da dutse mai zafi yana kashe ƙwan, don haka idan wuta ko gawayi ba za su isa dukkan kaya ba, a fifita na jarirai da na ciki. Idan ƙazwa ta shiga gida, kowa zai shafa magani a lokaci guda, a wanke kaya da zannuwan gado da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa kuma a ɗaure shi a leda na aƙalla kwana 3. Gidan sauro mai magani an yi shi ne ya jure wanki kamar sau 20, amma da sabulu marar ƙarfi, ba da bilic ba, kuma a inuwa ake shanya shi domin rana tana rage ƙarfin maganin.

Idan an gama wanki, a zubar da ruwan a kife bokiti da baho nan take, durom ɗin ajiyar ruwa kuma ya kasance da murfi mai nauyi. Ruwan da ya zauna mako guda a buɗe ya isa sauro ya ƙyanƙyashe a cikinsa, kuma yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya, wanda kansa ya fi jikinsa nauyi, yana iya faɗawa bokitin da ruwansa bai kai rabi ba ya kasa ɗagowa, ba tare da uwar da take shanya a tsakar gida ta ji motsinsa ba.