Malaga

Malaga birni ne a gaɓar Bahar Rum, a kudancin Sifaniya, cikin yankin Andalusiya. Mazaunansa sun kusa 600,000. Duwatsu sun tokare shi ta arewa, teku kuma ta kudu. Kogin Guadalmedina ya raba shi biyu, sunan da ya samo asali daga Larabci, Wadil Madina, sai dai yawancin shekara busasshe ne kamar rafi a tsakiyar rani. Kusan duk wuraren tarihi suna gabashin kogin, kuma ana iya zaga su da ƙafa cikin yini biyu.

Tarihi

Finikiyawa 'yan kasuwar teku ne suka kafa garin da sunan Malaka, ana kyautata zaton a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan su Rumawa sun mulke shi, suka mai da shi wurin sarrafa kifi. Musulmi sun karɓe shi jim kaɗan bayan shigarsu Andalus a 711, suna kiransa Malaƙa, kuma ya zauna a hannunsu sama da shekara 770. A ƙarni na 11 ya zama mazaunin sarautar Banu Hammud, daga baya kuma babbar tashar jiragen ruwa ta daular Banu Nasr masu mulkin Garnaɗa (Granada). A wannan lardi aka haifi Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai da magunguna wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248.

Ibn Baɗɗuɗa ya biyo ta garin wajen 1350. Ya yabi inabinsa da ɓaurensa da rummansa, da tangaran mai ruwan zinariya da ake fitarwa ƙasashe masu nisa, da dogayen bishiyoyin lemu na farfajiyar babban masallaci. Shi ne dai matafiyin da shekaru kaɗan bayan haka ya isa Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullarta wata ƙasa mai suna Kubar, wadda masana da yawa ke ɗauka Gobir ce.

A 1487 rundunar sarakunan Kirista na Sifaniya, Sarki Fernando da Sarauniya Isabel, ta yi wa birnin ƙawanya tun daga watan Mayu. Yunwa ta sa aka miƙa wuya a ranar 18 ga Agusta, aka kuma mai da mafi yawan mazauna bayi. Shekara 5 bayan haka Garnaɗa ita ma ta faɗi.

Alcazaba da Gibralfaro

Alcazaba, wato al-Ƙasaba, fada ce mai ganuwa ninki biyu a gindin dutse. Mafi yawan gininta na ƙarni na 11 ne, ana danganta shi da Badis bin Habus, sarkin Garnaɗa, tsakanin 1057 da 1063, ko da yake an yi ta gyara da ƙari a bayansa. Ƙofofinta ba su miƙe ba: mai shiga sai ya karya kwana a cikin zauren ƙofa, dabarar da ke hana mayaƙa afkawa a guje. Wasu ginshiƙan farin dutse da ke jikin ƙofofin an kwaso su ne daga gine-ginen Rumawa. Dandalin wasan kwaikwayo na Rumawan yana nan daga ƙasa, na zamanin Sarki Agustus, wanda ya daɗe a binne sai a 1951 aka gano shi ana aikin gini.

A ciki akwai tsakar gidaje masu kwarmin ruwa, da siraran magudanai a tsakiyar hanya, da lambunan lemu da yasmin. Ya kamata mai ziyara ya san cewa an sake gina ɗakuna da dama a ƙarni na 20, domin kafin nan talakawa ne suka yi gidaje a cikin kangon. Wanda gwiwa ke damu yana iya hawa ta lifta da ke titin Guillén Sotelo, bayan ginin majalisar gari, sannan ya gangaro da ƙafa.

Gibralfaro sansanin tsaro ne a ƙololuwar dutsen, kimanin mita 130 sama da teku. Sarki Yusuf na ɗaya na Garnaɗa ne ya faɗaɗa shi a ƙarni na 14 don kare fadar daga sama. Akwai wata hanya mai katanga biyu da ta haɗa su, amma ba a barin baƙi su bi ta. Nan ne kuskuren da aka fi yi: mutum ya kai ƙarshen Alcazaba yana tsammanin zai wuce sama, sai ya tarar dole ya fito ya kama wata hanyar ta waje. Hawan na ɗaukar minti 20 zuwa 30, babu inuwa sosai, kuma shimfiɗar dutsen tana da santsi ga takalmi mai sulɓin ƙasa. Bas mai lamba 35 na zuwa har ƙofa. Tikitin haɗe na wuraren biyu ya fi sauƙi, kuma ranar Lahadi daga ƙarfe 2 na rana kyauta ake shiga, shi ya sa layi ke yin tsawo.

Babban coci

An gina shi a wurin tsohon babban masallaci, daga 1528 zuwa 1782. Hasumiyar arewa ta kai mita 84, ta kudu kuwa ba a ƙarasa ta ba, don haka 'yan gari ke masa laƙabi da La Manquita, mai hannu ɗaya. Wasu na cewa kuɗin ya tafi taimakon yaƙin 'yancin Amurka, wasu na cewa titi aka gina da shi.

A wannan birni aka haifi mai zane Pablo Picasso a 1881, kuma an buɗe gidan adana zane-zanensa a 2003.

Kasuwa da abinci

Kasuwar Atarazanas tana inda ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Banu Nasr take a da; sunan daga Larabci yake, Darus Sina'a. A zamanin teku na zuwa har bakinta. Ginin ƙarfen na yanzu an kammala shi a 1879, amma an bar tsohuwar ƙofar farin dutse ta ƙarni na 14. Kasuwar na ci daga safe zuwa wajen ƙarfe 3, ban da Lahadi. Ranar Litinin layin kifi kusan fayau yake, domin masunta ba sa fita Lahadi.

Abincin da garin ya yi suna da shi shi ne espeto, wato tsiren kifin sardin ɗanye, ba na gwangwani ba. Ana soke kifi 5 ko 6 a jikin gora da aka fere, a barbaɗa gishiri mai tsakuwa, a kafa gorar a cikin yashi kusa da wutar icen zaitun. Murhun yawanci tsohon kwalekwale ne da aka cika da yashi. Gwanintar tana wurin sukar: dole gorar ta bi ta gefe ɗaya na ƙashin baya ga dukkan kifayen, yadda idan an juya ƙashin zai riƙe naman. In aka kuskure, kifin ya sulale cikin toka. Ana kafa tsiren ta inda iska ke fitowa, don zafi ya gasa shi ba hayaƙi ya turare shi ba. Kifin ya fi mai daga Mayu zuwa Agusta, kuma unguwannin masunta na Pedregalejo da El Palo ne matattararsa. Da hannu ake ci.

Gahawa na da sunaye 9 gwargwadon yawan madara. Solo babu madara, mitad rabi da rabi, sombra gahawa kaɗan, nube kuwa madara ce da aka ɗiga wa gahawa. Ga mai kiyaye halal, kalmomi uku ne abin lura: cerdo alade, jamón cinyar alade da aka busar, manteca kitsensa, wanda ke shiga har cikin wasu kayan zaƙi. Akwai babban masallaci a yammacin kogin.

Ana cin abincin rana tsakanin ƙarfe 2 da 4, na dare bayan 9. Wanda ya nemi abincin dare da ƙarfe 7 zai tarar da yawancin gidajen abinci na 'yan gari ba su hura wuta ba. Da maraice a lokacin zafi masu sayar da biznaga kan zaga titin Larios, wato furannin yasmin da aka jera a kan busasshen kara ɗaya suka zama dunƙule.

Yanayi da teku

Sanyin hunturu ba ya tsanani, ruwan sama kuma ya fi sauka daga Oktoba zuwa Maris. A bazara wata busasshiyar iska mai suna terral kan gangaro daga duwatsu ta kai zafi sama da digiri 40. Abin mamakin shi ne a ranakun ne ruwan teku ya fi sanyi, saboda iskar na kore ruwan sama-sama mai ɗumi, na ƙasa ya taso. Yashin bakin tekun La Malagueta baƙi-baƙi ne, yana ƙona tafin ƙafa da rana. Koriyar tuta a bakin teku na nufin a shiga ruwa, rawaya a yi hattara, ja an hana.

Sufuri

Jirgin ƙasa na layin C1 na kai mutum tsakiyar gari daga filin jirgin sama cikin kimanin minti 12. Zuwa Madrid a jirgi mai sauri bai kai awa 3 ba.

Taƙaddama kan gidaje

A 2024 mazauna sun yi zanga-zanga kan tsadar haya, suna ɗora laifin a kan gidajen da aka mayar masaukin 'yan yawon buɗe ido. Masu wannan sana'a na cewa ƙarancin sabbin gine-gine ne sila.